Farfesa Ethelbert Chukwu da lissafin jinkiri: Dalilin da ya sa umarnin yau ba ya cin ƙarfin al'amari sai gobe

Duk shekara idan damina ta ɗauke a ƙasar Kontagora, an kai masara gida, dawa ta sunkuya, hunturu ya fara busawa, Kogin Kwara kan yi wani abu da ke ɗaure wa baƙo kai. Babu gajimare ko ɗaya a sama, amma sai ga sabon ruwa yana gangarowa daga wajen Yawuri zuwa tafkin Kainji, ya yi ta zuwa tun daga wajen Disamba har cikin Fabrairu. Masana harkar ruwa suna ce masa baƙar ambaliya, don su bambanta shi da farar ambaliya mai laka wadda ruwan daminarmu ke kawowa tsakanin Agusta da Oktoba. Shi wannan ruwan hunturu a tsaunukan ƙasar Gini ya zuba, watanni da dama da suka wuce. Ya bi ta fadamun ƙasar Mali ya yi zango, ya sauke lakarsa, sannan ya kamo hanyar Najeriya a tsanake.

Saboda haka injiniyan da ke kula da ƙofofin madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, ba da abin da idonsa ke gani kaɗai yake aiki ba. Idan ya riƙe ruwa fiye da kima, wanda ke tafe zai tarar da tafki a cike, dole a saki na gaggawa a kan mutanen da ke ƙasa. Idan kuma ya sake da yawa, bazara ta zo injinan wutar lantarki su rasa abin juyawa. Yana yanke shawara a yau a kan ruwan da ya zuba jiya a wata ƙasa, kuma abin da ya saki ba zai isa Jebba ba sai bayan wani lokaci. Wannan hali yana da ilimi nasa a fannin lissafi, kuma ɗaya daga cikin 'yan Najeriya da suka ƙarar da ƙarfinsu a kansa shi ne Farfesa Ethelbert Nwakuche Chukwu, shugaban farko na Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Yola.

Ilimin da ake magana a kai za mu iya kiransa lissafin jan akala. Tambayarsa ɗaya ce, ko da a ina ta ɓullo. Ga wani abu yana tafiya yana sauya hali, ko mota, ko ruwan tafki, ko cuta a cikin gari. Ga akalar da ke hannunka, kuma ƙarfinta yana da iyaka. Ga inda kake so ka kai shi. To, yaya za ka ja akalar daga farko har ƙarshe don ka isa cikin mafi ƙanƙantar lokaci, ko da mafi ƙarancin asara? Amsar ba lamba ɗaya ba ce irin wadda ɗalibi ke ja wa layi a ƙasan shafi. Amsar jadawali ce ta abin da za a yi a kowace daƙiƙa.

Wanda ya kafa wa fannin ginshiƙi a zamaninmu makaho ne. Lev Pontryagin, wanda aka haifa a Mosko a 1908, ya rasa idanunsa yana ɗan shekara 14 sakamakon fashewar risho. Mahaifiyarsa Tatyana, wadda ba ta yi karatun lissafi ba, ita ta zama idonsa, tana karanta masa littattafai tana siffanta masa alamomin da ba ta san sunansu ba. Ya yi suna a zunzurutun lissafi tukuna, sannan a shekarun 1950 ya juya ga matsalolin injiniyoyi. A 1956 shi da almajiransa suka bayyana ƙa'idar da har yau ake kira da sunansa, a 1961 kuma ya fitar da littafi a kanta tare da Boltyanskii da Gamkrelidze da Mishchenko. A daidai wannan zamani, a Amurka, Richard Bellman yana tunkarar matsalar ta wata fuska, yayin da Rudolf Kalman a 1960 ya fayyace tambayar da ta riga kowace: shin ma akalar da ke hannunka tana iya kai abin inda kake so?

Ƙa'idar Pontryagin tana da wuyar rubutu, amma duk magidancin da ya taɓa ajiye hatsi ya san ruhinta. Buhun masara da ke rumbu yana da farashi biyu. Akwai wanda za a biya ka yau a kasuwa, akwai kuma wanda ba a rubuta a ko'ina ba, wato amfanin da zai yi maka a tsakiyar damina lokacin da abinci ya yi tsada kuma 'yan ƙwadago suna jiran sallama. Mai hankali kullum yana auna na fili da na ɓoye kafin ya buɗe rumbu. Abin da Pontryagin ya yi shi ne ya nuna cewa wannan farashi na ɓoye shi ma yana da dokar da yake bi yana sauyawa, ana iya lissafa shi, kuma idan an san shi, doguwar matsala ta shekara guda ta zama ƙananan shawarwari da ake yankewa ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan aka sami wani sakamako mai ban mamaki. A ce direba zai tashi daga tsaye ya je ya tsaya cak a wani wuri cikin mafi ƙarancin lokaci, kuma ƙarfin totur da na birki daidai suke. Lissafi ya ce ya taka totur har ƙasa zuwa rabin hanya, sannan ya taka birki har ƙasa zuwa ƙarshe. Babu tsaka-tsaki. Ba shawara ba ce ga direbobin hanyar Tegina, domin lissafin bai san rami ba, bai san fasinja ba. Amma a sarrafa na'urori da kumbon sama jannati irin wannan amsa ta yi aiki sosai.

A wannan yanayi na sabon ilimi mai tashe Chukwu ya shigo. An haife shi a 1940 a yankin Mbano, a inda yake Jihar Imo a yau. Ya yi digirinsa na farko a Jami'ar Brown ta Amurka, ya gama a 1965. A shekarun nan Brown ta zama matattarar masana lissafin abubuwa masu motsi. A can Joseph LaSalle yake, wanda ya tabbatar da ƙa'idar nan ta totur ko birki a faffaɗan yanayi, a can kuma Jack Hale yake, wanda ya zama jagora a lissafin abubuwan da jiyansu ke bin su. Chukwu ya sami digirin digirgir a 1972 a Jami'ar Case Western Reserve da ke birnin Cleveland, a hannun Otomar Hájek, masani ɗan ƙasar Cekoslobakiya da ya bar birnin Prague ya koma Amurka. Hájek ya shahara a lissafin farauta, wato yanayin da mutum biyu ke jan akalar abu ɗaya, wannan yana kora wancan yana gudu. Wannan tunani ya zauna a zuciyar almajirin, kuma za mu sake gamuwa da shi.

Ya koyar a Jami'ar Jiha ta Cleveland, sannan a ƙarshen shekarun 1970 ya dawo gida ya kama aiki a Jami'ar Jos, wadda a lokacin take jaririya. A 1981 gwamnatin Alhaji Shehu Shagari ta kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Yola, cikin jerin jami'o'in fasaha da ta buɗe a Bauchi da Makurɗi da Owerri da Akure da Abeokuta, da kuma tamu ta Minna da ta zo a 1983. Aka ɗora wa Chukwu nauyin ɗora tubalin ta Yola.

An tsara waɗannan jami'o'i ne da lissafin kuɗin man fetur na shekarun wadata. Kafin su tsaya da ƙafafunsu kasuwar mai ta juya baya, a 1982 gwamnati ta shiga tsuke bakin aljihu, a ƙarshen 1983 soja suka karɓi mulki. A 1984 aka haɗe huɗu daga cikinsu da tsofaffin jami'o'i, ta Yola ta zama reshen Jami'ar Maiduguri, ba ta dawo da cin gashin kanta ba sai 1988. Ita ce a yau Jami'ar Modibbo Adama. Jami'a abu ce da ake shukawa yau a girbe bayan shekara goma ko ashirin, amma kuɗin da ake ciyar da ita da shi yana hawa da sauka duk wata. Mutumin da sana'arsa nazarin jinkiri ce ya zauna a kujerar da jinkiri ya yi wa ƙawanya. Ya koma Amurka, ya yi aiki a Jami'ar Tennessee, daga bisani ya zauna a Jami'ar Jiha ta North Carolina da ke Raleigh, inda ya rubuta manyan littattafansa.

To, mene ne takamaimai jinkiri ke ƙarawa a kan abin da su Pontryagin suka warware? A lissafi na yau da kullum, idan ka san halin da abu yake ciki a wannan daƙiƙa, ka san duk abin da kake buƙata don hasashen gabansa. Dutsen da aka jefa bai damu da inda ya kwana ba, wurinsa da saurinsa a yanzu sun wadatar. Amma akwai abubuwan da ba haka suke ba. Masana suna ce musu masu gado, domin halinsu na yau ya gaji na jiya. Tafkin Kainji yana cikinsu. Garken shanu yana cikinsu, tunda maraƙar da aka haifa bana ba za ta haihu ba sai bayan shekaru. Cutar da ke kwanciya a jiki kwanaki kafin ta bayyana tana cikinsu. A irin waɗannan, sanin yau kaɗai bai isa ba, sai ka riƙe tarihin wani tsawon lokaci gaba ɗayansa. Ga mai lissafi, wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. Maimakon lambobi biyu ko uku, halin abin ya zama zare mai tsawo wanda kowane ɗigo a jikinsa lamba ce.

Mu koma ga direbanmu. A ce birkinsa ba ya kamawa sai bayan daƙiƙa biyu da takawa. Idan yana gudun kilomita 72 a awa, wato mita 20 a kowace daƙiƙa, zai ci mita 40 kafin motar ta san an yi mata magana. Wannan mai sauƙi ne, sai ya riƙa takawa da wuri. Mafi muni shi ne jinkiri a sitiyari. Ya karkata dama, bai ga komai ba, ya ƙara. Can sai duka biyun su iso tare, mota ta yi dama fiye da kima. Ya firgita ya murɗa hagu, shiru, ya ƙara. Da haka gyaran da kansa yake zama sanadin tangaɗi, kuma kowane lilo ya fi na baya faɗi. Injiniya Nicolas Minorsky ya gamu da wannan a farkon shekarun 1940, a na'urorin da aka yi don hana jirgin ruwa tangaɗi, inda jinkirin na'urar ke haifar da sabon lilo. Lissafi yana iya faɗin iyakar jinkirin da tsari zai jure kafin gyara ya koma ɓarna.

Akwai wani bambanci da Chukwu ya yi ta nanatawa a ayyukansa, kuma a ganina shi ne abin da ya fi cancanta mai karatu ya riƙe. A tsari mai gado, kai abu wurin da ake so daban, zaunar da shi a can daban. Kana iya jan akala har ma'auni ya nuna lambar da kake nema a wata rana, amma abin da aka shuka a baya yana nan tafe a hanya, gobe ya iso ya ture ka. Ba a cewa an sarrafa irin wannan tsari sai an riƙe shi a wurin har tsawon jinkirin ya ƙare, wato sai tsohon tarihi ya gama shigowa, sabo ya maye gurbinsa. Sharuɗɗan cimma na biyun sun fi na farkon tsauri nesa ba kusa ba, kuma gano su, musamman a tsarin da ba ya tafiya a miƙaƙƙen layi, shi ne jigon littafinsa na 1992 a kan daidaito da sarrafa tsare-tsare masu gado cikin mafi ƙarancin lokaci. Ya kuma yi aiki mai yawa a kan wani rukuni mafi wuya, inda saurin sauyin yau ya dogara ba a kan halin jiya kaɗai ba, har da saurin sauyin jiya.

Daga shekarun 1990 ya karkata ga abin da ya kira arzikin ƙasashe. Ba shi ya fara ganin jinkiri a tattalin arziki ba. Tun 1935 Michał Kalecki na ƙasar Poland ya nuna cewa tazarar da ke tsakanin yanke shawarar gina masana'anta da ranar da za ta fara aiki ta isa ta haifar da hawa da saukar kasuwa. Manomin Kontagora ko Rijau ya san wannan a jikinsa. Masara ta yi tsada bana, kowa ya faɗa mata baɗi, kaka ta zo kasuwa ta cika farashi ya karye, shekara mai zuwa aka guje ta aka koma waken soya, sai ta sake tsada. Kowa ya yi abin da ya dace da farashin bara, amma a kasuwar bana zai sayar.

Abin da Chukwu ya yi shi ne ya ɗauki ƙasa gaba ɗaya a matsayin tsari mai gado. Ya jera ma'aunai irin su abin da ƙasa ke samarwa, da kuɗin ruwa, da aikin yi, da farashin kaya, da jarin da aka tara, da cinikin waje, ya rubuta yadda kowanne ke sauyawa bisa na yau da na baya. Ya yi amfani da alƙaluman shekaru da hukumomin duniya ke wallafawa, ya sa kwamfuta ta fitar da lambobin da suka dace da kowace ƙasa. A nan darasin malaminsa Hájek ya dawo. Akalar tattalin arziki ba a hannu ɗaya take ba. Gwamnati tana ja ta hanyar haraji da kashe kuɗi da yawan kuɗin da ke yawo da kuɗin fito, 'yan kasuwa da masu masana'antu kuma suna ja ta hanyar jari da ɗaukar ma'aikata da sa farashi. Ya mayar da wannan wasa na mutum biyu zuwa matsala ta akala ɗaya, wadda ƙarfinta shi ne abin da ya rage wa ɓangare ɗaya bayan an cire na ɗayan. Matsayar da ya fito da ita ita ce dole ne gwamnati ta sa hannu, amma sai ƙarfin himmar masu zaman kansu ya rinjayi nata kafin a iya kai tattalin arziki inda ake so. Littattafansa na 2001 da 2003 a kan wannan suke, na 2005 kuma ya faɗaɗa zuwa haɗin kai da gasa tsakanin ƙasashe, da misalan Najeriya da Amurka da Birtaniya da Sin da Gabas ta Tsakiya.

A nan ya kamata a yi adalci ga masu suka. Ruwan Kainji ba ya karanta jarida. Idan injiniya ya sanar cewa zai buɗe ƙofa gobe, kogi ba zai sauya hali ba. Ɗan kasuwar hatsi kuwa, da zarar ya ji ƙishin-ƙishin za a buɗe iyaka ko a cire kuɗin fito, yau ɗin nan zai fito da abin da ya ɓoye ko ya ƙara ɓoyewa. Wannan ne ƙorafin da masanin tattalin arziki Robert Lucas ya yi a 1976 a kan duk wani tsari da aka gina da alƙaluman baya: da an sauya manufa, mutane sun sauya ɗabi'a, lambobin da aka dogara da su sun tashi daga aiki. Ga kuma matsalar alƙaluman kansu a ƙasa irin tamu, inda cinikin da ake yi a kasuwannin ƙauye da yawansa ba ya shiga kundin kowa. Don haka ayyukan Chukwu a kan zunzurutun lissafin jinkiri sun fi tsayuwa da ƙafafunsu a kan hasashensa na arzikin ƙasashe, kuma hukuncinsa game da gwamnati da 'yan kasuwa sakamako ne na tsarin da ya gina, da ƙarfinsa da rauninsa.

Duk da haka, tambayar da ya ɗauko ba ta tsufa ba. A Fabrairun 2024 Babban Bankin Najeriya ya ɗaga kuɗin ruwa daga kashi 18.75 cikin ɗari zuwa 22.75, ya ci gaba da ɗagawa har ya kai 27.5 a Nuwamba. A tsawon wannan shekara hauhawar farashi ta tashi daga kashi 29.9 a Janairu zuwa 34.8 a Disamba, bisa alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa. Wasu suka ce magani bai yi aiki ba, wasu suka ce bai iso ba tukuna, domin tasirin cire tallafin mai na Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira bai gama shigowa ba. Musun nan ba ya warwaruwa sai an san tsawon jinkirin kowane mataki. Wanda ya ɗauka gajere ne zai yi ta ƙara murɗa sitiyari kamar direbanmu. Wanda ya ɗauka dogo ne fiye da yadda yake zai naɗe hannu yana jiran abin da ba zai zo ba.

A jami'o'in Najeriya a yau, inda aka fi cin karo da lissafin jan akala shi ne nazarin cututtuka. Ɗaliban digiri na biyu da na uku suna ɗaukar zazzaɓin cizon sauro ko tarin fuka ko kwalara, su raba jama'a rukuni-rukuni, su sa gidan sauro da feshi da magani a matsayin akala, sannan su nemi yadda za a raba ɗan kuɗin da ake da shi a tsawon shekara don a rage masu kamuwa. Ƙa'idar Pontryagin suke amfani da ita, da farashinta na ɓoye da komai. Da yawa daga cikin waɗannan ayyuka suna ɗauka cewa abin da aka yi yau, yau yake aiki, saboda hakan ya fi sauƙin warwarewa. Alhali ƙwayar zazzaɓin tana buƙatar kwana goma ko fiye a cikin sauro kafin ya iya harba ta ga wani, sannan ta yi mako ɗaya zuwa biyu a jikin mutum kafin zazzaɓi ya bayyana. Yaron da aka kawo asibiti a Kontagora a ƙarshen Satumba, cizon da ya kwantar da shi na tsakiyar watan ne, sauron kuma tun farkon watan ko ƙarshen Agusta ya ɗauko cutar daga jikin wani.